AKURKIN ƊAUKA: KIWON KAJI GA MAI ZAMAN HAYA

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyarmu, mai sana'ar hatsi, ya gabatar a taronmu na wata-wata a Keffi. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba.)

 

Ranar da Sakatare ya same ni a rumfa ya ce wannan wata ni zan yi magana, sai na ce masa, Malam Sakatare, ni fa ba ɗan boko ba ne, iyakacina Islamiyya, daga nan sai kasuwa. Ya ce ai ba lacca ake nema ba, wancan kejin da mutane ke ta zuwa gidanka kallo, shi za ka yi wa jama'a bayani. To shi ya sa kuka ga yara biyu sun shigo da wani abu sun ajiye a bakin ƙofa. Na ji wani daga baya yana tambaya wai ko makara ce. Allah ya ba mu tsawon rai, ba makara ba ce. Akurkin kaji ne, amma irin wanda ake ɗauka a kai shi inda ake so.

Mu da muka taso a ƙauyukan Kano da Katsina da Zazzau, babu wanda za a gaya wa akurki. Na ƙasa ne, ana gina shi a jikin katanga ko a gindin rumbu, a bar masa 'yar ƙofa wadda za a toshe da dutse in magariba ta yi. Da safe a buɗe, kaji su bazu cikin bola da masussuka da bayan gari, su ci abin da Allah ya ba su, su dawo da kansu. Babu mai sayen abincin kaza, babu mai cigiyar inda ta yini, domin gida na kakanni ne, fili kuma ga shi nan har ya yi yawa.

Ni na zo Keffi a 1990, lokacin nan ƙasar Jihar Filato ce. A gabana aka dawo da hedikwatar ƙasa Abuja a watan Disamba na 1991, a gabana aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, sa'an nan aka kafa Jami'ar Jiha a nan garin a 2001. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya kawo mana ciniki, mun gode Allah, amma kuma ya kawo cunkoso. Wurin da a da ake ɗaure akuya, yau ɗakin haya ne na ɗalibai. Ku dubi yadda Mararaba da Masaka suka koma, to abin nan ne yake matsowa. Da yawanmu, ko a Tudun Ƙofa muke ko Sabon Gari ko Unguwar Rimi, a gidan wani muke zaune, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida da ake rabawa da mutum uku ko huɗu. Wanda ma ya samu ya gina nasa, rabin fuloti ne.

To mai zaman haya yaya zai yi da akurkin ƙasa? Mai gida ba zai yarda ka kwaɓa masa laka a jikin bango ba. In ma ya yarda, ran da ya ce yana son ɗakinsa, haka za ka tafi ka bar ginin. Bugu da ƙari ruwan saman nan ba irin na gida ba ne, yana farawa tun Afrilu ba ya ɗaukewa sai Oktoba, akurkin ƙasa kuwa in ya sha ruwa sai ya yi danshi ya tsattsage, ƙuma da kaska su samu wurin ɓuya a cikin tsagar, da dare su fito su yi ta shan jinin kaji. Shi ya sa wasu suka haƙura da kiwon gaba ɗaya, wasu kuma suka bar kajin suna kwana a kicin ko bayan ƙofa, da rana su shiga uwa duniya.

Wannan sakin shi ne ya fi damuna, kuma saboda shi na karɓi wannan magana. Shekaru kaɗan da suka wuce an kira ni sulhu a wata unguwa, ba zan kama suna ba. Wata baiwar Allah daga cikinmu tana da kaji bakwai. Maƙwabciyarta, wadda ba yarenmu ɗaya ba, ta shanya alabo a kan leda, kajin nan suka bi ta kai suka yi kaca-kaca da shi har da kashi. Ita kuma cikin fushi ta jefi ɗaya ta karya mata ƙafa. Kafin la'asar magana ta tashi daga kan kaza ta koma ku wane ne, mu wane ne, wa ya tarar da wa a garin. Sai da aka je gaban Mai Unguwa. Na zauna ina kallo ina cewa a raina, garin tone-tone kaza kan tono wuƙar yanka ta, amma yau ga kaza tana neman tono wa mutane abin da ya fi wuƙa. Jama'a, muna zaune da Gwandara da Gbagyi da Eggon da Mada da Yeskwa da sauransu, muna ciniki tare, 'ya'yanmu suna makaranta ɗaya. Bai kamata a ce kazar da ba ta kai kuɗin buhun gawayi ba ita ce za ta ɓata wannan zama. Kuma in za a faɗi gaskiya, a wannan rigima mai kaji ce ba ta da gaskiya.

Sai kuma asarar da mu kanmu muke yi ba mu lissafawa. Iyayenmu mata su ne shaida. Kaza za ta kwanta kwana 21 a kan ƙwai, ta ƙyanƙyashe goma ko sha biyu, gida ya cika da murna. Bayan wata biyu a ƙirga, sai a tarar saura biyu ko uku. Ina sauran? Shirwa ta ɗauki nata, hankaka ya ɗauki nasa, muzuru da gafiya sun yi dare da wasu, ɗaya ya faɗa kwata, ɗaya ɗan acaba ya taka, ruwan sama ya doki sauran sanyi ya kashe su. Hausawa suka ce kaza mai 'ya'ya ke tsoron shirwa, to amma tsoron nata ba ya hana komai tun da ba ta da wurin ɓoye su. Sai mu ce ba rabo. Alhali kuwa mafi yawan wannan mutuwa a cikin mako shida zuwa takwas na farko take faruwa. Duk wanda ya tsare 'yan tsaki a wannan tsakani, har fuka-fukansu suka fito suka iya gudu, ya ci rabin yaƙin.

Kada wani ya zaci ni na ƙago wannan dabara. Kowa ya san kwandon da iyayenmu kan kife kaza da 'ya'yanta a inuwa. Kowa ya ga Fulani in sun tashi, kajinsu na cikin kwando a ɗaure a kan sa ko jaki. Mu 'yan kasuwa kuma mun san kejin da masu kaji ke ɗaurawa a bayan babur daga Garaku ko Gitata. Abin da na yi kawai shi ne na haɗa kwandon kifewa da kejin kasuwa, na ƙara masa girma. Daga baya ɗana da ke karatu a jami'ar nan ya nuna mini a waya cewa Turawa ma suna yi. A Amurka har suna kiransa taraktar kaji, wai don kajin suna tona ƙasa suna zuba mata taki. Akwai wani manomi a jihar Bajiniya, Joel Salatin, wanda ya yi suna a kan haka, har ya rubuta littafi a 1993. Nasa kejin ƙafa 10 ne da ƙafa 12, yana zuba kaji kamar 75, kullum safiya a ja shi gaba zuwa sabuwar ciyawa. Shi yana da makiyaya, mu tsakar gida gare mu, saboda haka namu ƙarami ne.

Ga yadda wancan yake. Tsawonsa ƙafa 6, faɗinsa ƙafa 3, tashinsa sama ƙafa 2. Ƙashin jikinsa siririn katako ne, wanda kafintoci ke cewa tu-bai-tu. Wanda ba shi da halin katako, gora ko tukurwa suna yi, ga su nan ana kawowa daga ƙauye, sai dai gara tana son su, a riƙa dubawa. An raba shi kashi uku. Kashi ɗaya an rufe shi ruf da falanki da tsohon kwanon rufi, nan ne ɗakin kwana da wurin fakewa in ana ruwa, an gitta sanda a ciki don manyan kaji su hau. Kashi biyu kuma ragar waya ce gefe da sama, nan ne tsakar gidansu, iska da hasken rana suna shiga. Ƙyaure biyu ne, ɗaya a sama na zuba abinci, ɗaya a bayan ɗakin na ɗaukar ƙwai, kuma da robar tsohuwar taya aka maƙala su. Sa'an nan dogayen katako biyu sun zarce gaba da baya, su ne mariƙi, su ne kuma suka sa aka ce makara. Yara biyu 'yan shekara goma suna ɗaukarsa.

Wajen sayen raga a yi hankali, domin a nan na fara yin kuskure. Na farko da na yi, na sayi mai manyan idanu saboda ta fi araha. Ɗan tsako ya zura kai ya maƙale, ɓera kuma yana shiga yana fita kamar gidan ubansa. Ku nemi mai ƙananan idanu, wadda ɗan yatsa ba ya wucewa da sauƙi, wato ta rabin inci. Tsadarta sau ɗaya ce.

Girman nan yana ɗaukar kaza ɗaya da 'ya'yanta a wadace, ko manyan kajin gida biyar zuwa shida. Na san halinmu, wani zai ce ai goma sha biyar ma za su shiga. Za su shiga mana, kamar yadda ake cusa mutum bakwai a motar Nyanya, amma sai su fara tsattsagar juna suna cire gashi, ƙwai ya ragu, cuta ta samu hanya. In kajinka sun yi yawa, yi na biyu.

Abin da ya bambanta shi da sauran keji shi ne ba shi da daɓe, a kan ƙasa kajin suke, kuma kullum ana gusar da shi. Wannan gusarwa ita ce maganar gaba ɗaya, wanda ba zai iya ba gara kada ya fara. Dalili kuwa, wani likitan dabbobi da muke hulɗa da shi ya yi mini bayani cewa ciwon nan da ke sa 'yan tsaki kashin jini su takure su saki fuka-fuki, ƙwayarsa a cikin kashinsu take fita, amma ba ta kama wani nan take, sai ta yi kwana ɗaya ko biyu a ƙasa mai danshi da ɗumi tukuna ta nuna. To in ka matsar da akurki kowace safiya, ka bar cutar a baya, rana ta gasa ta. Haka ma ƙwan tsutsar ciki yake raguwa. Ga shi wari ba ya taruwa, balle maƙwabci ya yi ƙorafin ƙuda. Ni a gidana wurare bakwai na ware a jikin katanga, kowace rana da nata, kafin a zagayo na farko ya bushe an share. Wanda tsakar gidansa siminti ne, sai ya samo ɗusar katako a wurin masu yankan katako ya shimfiɗa, ya riƙa kwashewa. Kashin kuwa kada a zubar. A tara shi a buhu ya yi makonni ya huce, domin ɗanyensa yana ƙona shuka. Uwargidana da shi take noman alayyafo da kuɓewa da yakuwa a tsofaffin bokitai, yau shekara uku ke nan ba ta aiki yaro sayen ganyen miya da rani ba.

Yanzu bari in faɗi inda nauyin yake, kada a ce na yi tallar 'yan magani. Kazar da ka tsare, cinta da shanta sun dawo wuyanka. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Saboda haka wanda ya san zai fita tun asuba ba mai dubawa, ya sake shawara. Ruwa kada ya yanke, kuma ga 'yan tsaki a faranti marar zurfi za a zuba, a jera tsakuwa a ciki don kada su nutse. Abinci kuwa, dusa kaɗai ba ta gina jiki. Ni mai hatsi ne, tsakin masara da na dawa da ake sharewa a rumfa shi nake kawowa, a haɗa da dusa da dakakken ƙuli-ƙuli da burbushin busasshen kifi da ganyen zogale. Masu ƙwai a daka musu ɓawon ƙwai a zuba. Akwai kuma tsohuwar dabarar ƙauye, a cusa karmami da busasshen kashin shanu a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife ta inda gara take, washegari a zazzage wa 'yan tsaki. Wanda ke da hali ya sayi mudu biyu ko uku na abincin 'yan tsaki na kamfani don makonnin farko, ba asara ba ce. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya ga yadda kuɗin mota da na hatsi suka yi, shi ya sa nake cewa a tsaya a kan kaji kaɗan waɗanda ragowar gida za ta iya riƙewa. Kuma a ajiye musu kasko da toka da yashi su yi birgima, shi ne wankansu, yana rage ƙwarƙwata.

Abin da yara biyu ke ɗauka, ɓarawo biyu ma suna ɗauka. Da dare a shigo da shi zaure ko baranda, wannan kuma yana raba shi da tunku da maciji da kwarkwasa, tun da ƙasansa a buɗe yake. Iskar farkon damina tana kifar da shi, a ɗora masa dutse ko bulo. Zafin Maris da Afrilu kuwa, kwano yana iya gasa kaji da ransu, a shimfiɗa zana ko buhu a kai, a bi inuwa da shi.

Saura babbar magana, wato annobar nan ta hunturu da ke share kaji gida-gida, wadda za ka ga kaza tana koren zawo, tana haki, wuyanta ya murɗe. Likitoci suna kiranta Niyukasal, sunan wani gari ne a Ingila inda aka gane ta a 1926. Akurki ba ya maganinta, barkono da maɗaci da jan kafso da muke ɗura musu su ma ba sa yi. Ni ta taɓa yi mini ɓarna. Na sayo wani jan zakara a kasuwar ƙauye, kyakkyawa, ga araha, na sake shi cikin kajina a daren. Kafin kwana goma, cikin kaji goma sha tara saura huɗu. Ashe arahar ta mai gudun asara ce. Da ina da akurkin ɗauka a lokacin, da na killace shi can nesa mako biyu in ga lafiyarsa tukuna. Yanzu duk baƙuwar kaza, ko kyauta aka ba ni, haka nake yi mata. Kejin da ya je kasuwa ya dawo kuma a wanke shi da sabulu a shanya a rana kafin ya kusanci na gida.

Rigakafi shi ne magani, kuma ba nesa ake yin sa ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924, tana yin irinsa da ake kira I-2, wanda ya fi sauran jure zafi, aka yi shi musamman domin kajin gida. Ɗigo ɗaya ne a ido, a maimaita bayan kowane wata huɗu, kuma a tabbata an yi ɗaya kafin sanyi ya shigo, wajen watan Oktoba. Mai lafiya ake yi wa, ba ya tayar da wadda ta riga ta kwanta. A nan ma akurki ya yi rana, domin duk wanda ya taɓa bin sakakkiyar kaza da gudu a lungu ya san ba za a yi wa kaji rigakafi a haka ba. In kuma aka ga kaji suna zubewa farat ɗaya, ƙoronsu ya yi baƙi-baƙi, kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa, a sanar da ofishin likitan dabbobi. Manyanmu suna tune da murar tsuntsaye da ta ɓulla a wata babbar gona a Jaji ta Jihar Kaduna a 2006, ta sake dawowa a 2015, ita wannan tana iya kama mutum.

Wasu sun tambaye ni wace irin kaza za a sa. Akwai Shika Brown mai yawan ƙwai, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta fitar, akwai Noiler mai saurin girma da ake sayarwa ko'ina yanzu. Duka suna da kyau, amma suna da ci, kuma ba su cika kwanci ba. Ni shawarata, mai farawa ya fara da kazarmu ta gida guda biyu, ita ce ke kwanci ta yi reno da kanta. In hannu ya faɗa sai a ƙara.

Iyayenmu mata, wannan abu naku ne fiye da mu. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, da ni da ke da kuɗi a banki da wanda ba shi da ko sisi duk ɗaya muka zama, amma na ga matar da ta kai zakara ɗaya ta karɓo maganin ɗanta. An ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, to amma wanda ke da kazar a akurki shi ke samun ƙwan kullum, yaro ya ci kafin ya tafi makaranta, baƙo in ya sauka daga gida a fita kunyarsa.

Masu tarihi sun ce Abdu Zanga, wanda ya kafa garin nan wajen shekarar 1800, daga ƙasar Katsina ya zo da shanunsa, kuma sunan Keffi daga kafin da ya yi ya kewaye kansa da dukiyarsa ya samo asali. To mu ma da muka biyo baya, ga ɗan namu kafin, daidai ƙarfinmu.

Mai girma Shugaba, roƙona biyu ne. Muna da kafintoci a cikin ƙungiya, in mutum goma suka haɗu aka sayi raga bandir guda aka yanka, zai fi sauƙi ƙwarai a kan kowa ya sayi yadi-yadi. Na biyu, kwalbar rigakafi ɗaya ta kaji masu yawa ce, kuma da zarar an haɗa ta da ruwa ba ta jimawa, saboda haka a sa rana ɗaya a kowace unguwa, a kira ma'aikacin dabbobi, a gaya wa maƙwabta duka, namu da waɗanda ba namu ba, tun da cutar ba ta tambayar kazar wane ce. Mai so ya ba Sakatare sunansa da yawan kajinsa kafin a tashi. Akurkin kuma yana nan bakin ƙofa, kowa ya je ya ɗaga ya ji nauyinsa, masu awo su auna, amma don Allah a bar mini shi nan, da magariba masu shi za su nemi wurin kwana.